"Na ba Allah" da baki ba ta isa ba: a yi wakafi tun ana da rai da lafiya

Kwanakin baya na bi ta unguwar da na tashi a cikin garin Gombe, na tarar ana sauke kwanon wata makarantar Islamiyya. Azuzuwa uku ne a ciki, da shaguna huɗu a jikinsu ta bakin titi. Ƙannena mata biyu a nan suka yi saukar Alƙur'ani. Na tsaya na tambayi masu aikin, suka ce an sayar da wurin, sabon mai shi zai rushe ya yi bene.

Dattijon da ya gina makarantar ɗan kasuwar hatsi ne, Allah ya jiƙansa da rahama. Duk wanda ya zauna da shi ya sha jin yana cewa, "Wannan wurin na ba Allah." Da kuɗin hayar shagunan yake biyan malamai, ya sayi alli da tabarmi. Amma shi yake karɓar hayar da hannunsa, takardun filin da sunansa suke, kuma bai taɓa kiran shaidu ya rubuta komai ba. Da ya rasu aka zo rabon gado, wurin ya shiga cikin dukiya kamar sauran gidajensa.

Abin da ya dame ni shi ne yadda unguwa ta ɗauki maganar. A majalisa, a ƙofar masallaci, kowa na tsine wa 'ya'yan: ba su da tsoron Allah, sun cinye sadakar ubansu. Ban yarda da wannan hukunci ba. Cikin magadan akwai marayu ƙanana da ba su kai shekara goma ba, kuma babu wanda shari'a ta ba ikon yafe rabon maraya a madadinsa, ko da yayansa ne, ko mahaifiyarsa. Akwai kuma matar da ta fita takaba ba ta da ko ɗakin kanta. Ko da manyan 'ya'yan sun so barin makarantar, ba su da hurumin yin kyauta da haƙƙin waɗannan.

Matsayina a kan wannan ba shi da kwana-kwana. Duk wanda yake son wani abu daga dukiyarsa ya ci gaba da amfanar jama'a bayan ransa, to ya mayar da shi wakafi yanzu, yana da lafiya da hankalinsa, ya rubuta, ya kafa shaidu, ya fitar da shi daga hannunsa. Barin wannan aiki a wuyan magada ɗora musu kaya ne da ba nasu ba, kuma shi ne ke kashe mana makarantu da rijiyoyi duk shekara.

Hukuncin yana cikin littafin da muke karantawa a zaure

Wakafi, wanda littattafanmu na Malikiyya suke kira hubusi, ba baƙon abu ba ne. Sayyidina Umar ya samu gona a Khaibara, ya je wurin Manzon Allah (SAW) yana neman shawarar abin da zai yi da ita. Aka umarce shi ya tsare asalinta, ya yi sadaka da amfaninta. Sai ya sharɗanta cewa ba za a sayar da ita ba, ba za a kyautar ba, ba za a gāje ta ba. Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa Musulmi. Ma'anar ke nan: uwar dukiyar ta tsaya cik, abin da take haifarwa ya riƙa tafiya inda mai ita ya ce.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne sharaɗin fitarwa daga hannu. Risala, wadda kusan duk ɗalibin zaure a ƙasar nan ya bi ta kanta, ta faɗa a fili cewa kyauta da sadaka da hubusi ba sa cika sai an karɓe su daga hannun mai bayarwa. Idan ya mutu kafin a karɓa, abin ya koma gado. Wato alƙalin da ya sa makarantar nan cikin rabo bai karkace ba, hukuncin mazhabarmu ya bi. Dattijon ya yi niyya mai kyau, muna kuma yi masa fatan ladanta, amma mabuɗan shagunan ba su taɓa barin aljihunsa ba.

Na san masu kuɗi da yawa a Jekadafari da Bolari da Pantami da suke cikin irin wannan hali yau. Sun gina, suna ciyarwa, kowa ya san "na Allah ne," amma a takarda nasu ne, kuma rasit ɗin haya da sunansu ake yanka shi.

"Ai zan bar wasiyya"

Wannan ita ce amsar da aka fi ba ni. Wasiyya halal ce, ana ma kwaɗaitar da ita, amma tana da iyaka. Ba ta wuce sulusi, wato kashi ɗaya cikin uku na abin da ya rage bayan an biya bashi. Lokacin da Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas ya kwanta ciwo ya nemi ya bayar da kashi biyu cikin uku na dukiyarsa, Annabi (SAW) ya hana shi. Ya nemi rabi, aka hana. Aka tsaya a sulusi, aka kuma gaya masa sulusin ma da yawa, domin barin magada da wadata ya fi barinsu suna roƙon mutane.

Wakafin da aka yi a cikin cutar ajali ma hukuncin wasiyya yake ɗauka, daga sulusi ake fitar da shi. Saboda haka wanda ya jira sai likita ya girgiza kai sannan ya kira malam, ya riga ya rage wa kansa dama. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sannan wasiyya sai wani ya zartar maka da ita, a lokacin da ba ka nan balle ka gyara kuskure. Wakafin da ka yi da ranka kuwa kana kallo yana aiki. Idan wanda ka ɗora a kai ya yi sakaci, ka gani. Idan kuɗin haya bai isa biyan malamai ba, ka sani tun da wuri, ka ƙara wani shagon.

"Wannan ba zaluntar magada ba ne?"

Wannan tambaya tana da nauyi, ba zan wuce ta da sauri ba, domin akwai masu amfani da sunan wakafi su yi zalunci. Mutum ya ga 'ya'yansa duk mata ne, ba ya son 'yan'uwansa su ci gadonsa, sai ya ce ya ba masallaci komai. Wani kuma ya tsare gida ga 'ya'yansa maza kaɗai, wai kada dukiya ta tafi gidan surukai. Malamanmu ba su bar wannan ƙofa a buɗe ba. A Mukhtasar na Khalil an lissafa wakafin da aka yi wa 'ya'ya maza ban da mata cikin waɗanda suka ɓaci. Mun kuma san yadda Manzon Allah (SAW) ya ƙi zama shaida lokacin da mahaifin Nu'umanu ɗan Bashir ya fifita shi da kyauta a kan sauran 'yan'uwansa. Haka wanda bashi ya riga ya cinye dukiyarsa, ba zai tsere wa masu binsa da sunan wakafi ba.

To amma a dubi ɗaya gefen. Mu ɗauki misali: mutum ya rasu ya bar shaguna huɗu da suka kai naira miliyan 24, da mata biyu, da 'ya'ya maza 7 da mata 6, iyayensa kuma sun riga shi. Matan auren za su raba tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, miliyan 3, kowace ta samu miliyan ɗaya da rabi. Sauran miliyan 21 a kasa 20: kowace 'ya ta ɗauki miliyan 1 da dubu 50, kowane ɗa miliyan 2 da dubu 100. Ba yadda za a yi a yanka shago huɗu gida goma sha biyar, dole a kira dillali. Rabon Allah ne, adalci ne, ba mai ja da shi. Sai dai duk wanda ya zauna a garin nan ya san abin da yakan biyo baya. Wannan ya sayi mota, wancan ya ƙara aure, wata ta ba miji jari, bayan shekara uku ba shago ba kuɗi, jikoki kuma ana koro su daga makaranta saboda kuɗin zango.

Da mutumin nan ya cire shago ɗaya tun yana raye, ya ce hayarsa ta karatun duk wani jikansa ce, mace ko namiji, in babu mabuƙaci a cikinsu a ba marayun unguwa, da bai zalunci kowa ba. Da ya bar musu abin da ba wanda zai iya sayarwa ranar da ido ya rufe. Lokacin da Abu Ɗalha ya zo zai bayar da gonarsa Bairuha, wadda ya fi so cikin dukiyarsa, shawarar da aka ba shi ita ce ya sanya ta cikin danginsa. Ciyar da dangi ta wannan hanya sadaka ce cikakkiya.

Ina da sharaɗi ɗaya a nan. Wakafin iyali zalla, wanda ba shi da mafita zuwa ga jama'a, yakan zama rigima bayan zuriya ta yi yawa, kowa na jiran 'yan kuɗin da ba su kai na cefane ba, gini kuma na rubewa. Irin wannan matsala na cikin dalilan da suka sa Masar ta soke wakafin iyali a 1952. Saboda haka a ɗaure shi da wata buƙata takamaimiya, kamar karatu ko magani, kuma a rubuta inda zai koma idan buƙatar ta ƙare.

Mun iya gini, ba mu iya barin abin riƙe gini ba

Nan ne na fi jin ciwo. Ka zaga Tumfure ko bayan Federal Low-cost ka ƙirga masallatan da aka gina cikin 'yan shekarun nan, wasu ma suna jin kiran sallar juna. Allah ya saka wa waɗanda suka gina. Amma ka shiga ka tambayi ladan wa yake biyan kuɗin wuta, wa yake sayen man janareto, nawa ake ba liman. Galibi sai an tashi bayan sallar Juma'a ana neman taimako.

Haka rijiyoyin burtsatse. A garin da magidanci ke sayen ruwa kullum wurin 'yan ga-ruwa, babu sadakar da ta kai ruwa daraja. Ana haƙawa, a sa allo da sunan mamaci, a yi addu'a. Ran da famfon ya ƙone, shi ke nan, don ba a ware ko sisi na gyara ba. Tankin ya zama wurin da awaki ke fakewa.

Wakafi na gaskiya ƙafa biyu gare shi: abin da ake amfana da shi, da abin da ke ciyar da shi. Azhar ta Masar ta yi ɗaruruwan shekaru tana koyarwa ne saboda gonaki da gine-ginen da aka tsare mata suna kawo kuɗi. A wurinmu ma'anar wannan mai sauƙi ce. In za ka haƙa rijiya, haɗa ta da shago ɗaya. In za ka gina aji uku, ka bar gona a Dadin Kowa ko Kwami da za a riƙa bayarwa haya ana biyan malamai. Kuma ka rubuta cewa kashin farko na kuɗin da ya shigo na gyaran wakafin ne kansa, kafin a raba saura. A ganina wanda ya ɗauki nauyin albashin malamai biyu har abada ya fi wanda ya ƙara masallaci na huɗu a layi ɗaya amfanar unguwa.

"Wa za a ba amana a wannan zamani?"

Ba zan ce wannan tsoro ba shi da tushe ba. Mun ga filin makabarta da aka yanka fulotai, mun ga kwamitin da ya mayar da kuɗin marayu jarin kansa. Amma maganin rashin amana ba shi ne a fasa ba, a ɗaure abin ne yadda mutum ɗaya ba zai iya kwance shi ba.

Kada a ba mutum ɗaya. A sa uku ko biyar, a haɗa da ɗaya daga iyali da wasu daga waje, a rubuta yadda za a maye gurbin wanda ya rasu ko ya ci amana. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ba da damar yi wa kwamitin amintattu rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ya zama yana da suna nasa na kansa, ya mallaki fili, ya buɗe asusun banki, ya yi ƙara a kuma yi ƙararsa. Idan takardar fili ta koma sunan wannan kwamiti, ranar rabon gado ba wanda zai jawo ta cikin lissafi. A kuma sharɗanta cewa duk shekara za a karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a gaban jama'a. Mai kula da wakafin a yanka masa ladan aikinsa a fili. Sayyidina Umar da kansa ya halatta wa mai kula da gonarsa ya ci daga cikinta gwargwadon abin da aka saba. Wanda aka bar shi yana wahala kyauta shekara da shekaru, shi ne wata rana zuciya ke raya masa ya biya kansa a ɓoye.

Akwai aikin da ya rage wa gwamnati. A ƙarƙashin dokar filaye ta 1978, mai takardar mallakar fili a birni ba ya mayar da ita ga wani sai da amincewar gwamna, kuma hanyar tana cin kuɗi da lokaci. Mutumin da zai bayar da filinsa kyauta don jama'a bai kamata a caje shi kamar mai sayarwa don riba ba. Tunda Gombe ta riga ta kafa hukumar GOGIS tana shigar da filaye cikin kwamfuta, me zai hana a buɗe rajista ta musamman ta filayen wakafi, a yafe musu kuɗin canjin suna, a yi musu alamar da za ta hana kowane jami'i sa hannu a kan cinikinsu? Sakkwato da Zamfara suna da hukumomin zakka da wakafi na jiha. Ba sai mun kwafi tsarinsu dukkansa ba, ni ma ban so gwamnati ta karɓe ragamar wakafin mutane, amma rajista da kariya aikinta ne.

Batun haraji

Wasu 'yan boko idan an yi wannan magana sai su kawo tsarin Turawa. Gaskiya ne a can haraji na cikin abin da ke tura masu kuɗi kafa asusun jinƙai. A Ingila ana cire kashi 40 cikin 100 na abin da ya haura fam 325,000 daga dukiyar mamaci, amma abin da ya bar wa ayyukan jinƙai ba a taɓa shi, kuma in ya kai kashi 10 na dukiyar, harajin sauran ya sauko zuwa kashi 36. A Amurka akwai tsarin da mutum zai zuba kadara a asusun amana, ya riƙa cin amfaninta har ya mutu, sannan abin da ya rage ya tafi ga jinƙai, a kuma sassauta masa haraji.

Wannan na biyun bai dace da mazhabarmu kai tsaye ba, domin a Malikiyya mutum ba ya yi wa kansa wakafi. Wanda ke tsoron tsufa ya same shi hannu wofi, Malikiyya ta ba shi wata ƙofar: ya halatta a yi wakafi na ƙayyadadden lokaci. Kana iya cewa hayar gidan nan ta marayu ce shekara goma, bayan nan ya dawo gare ka ko ga magadanka. Ko kuma ka bayar da kaɗan ka riƙe saura.

Najeriya ba ta da harajin gado irin na Ingila, don haka ba gudun haraji ne zai sa Bagombe ya yi wakafi ba. Inda maganar ta shafe mu shi ne 'yan kasuwa masu kamfani mai rajista. Dokar haraji ta daɗe tana ba kamfanoni damar cire gudummawar da aka ba ƙungiyoyin jinƙai da hukuma ta amince da su daga ribar da za a yi wa haraji, har zuwa kashi 10 cikin 100. Masu injinan shinkafa da gidajen mai da yawa suna bayar da sadaka mai tsoka daga aljihu, ba rasit ba shaida, sannan su biya haraji a kan ribar gaba ɗaya. Da sun bi ta hanyar da doka ta tanada, abin da ya ragu musu zai iya ɗaukar nauyin wasu ɗaliban. Ban ga abin da wannan zai rage wa ikhlasi ba, matuƙar don Allah aka bayar kuma da gaske abin ya fita daga hannu. A Malesiya ma ana cire zakkar da mutum ya biya daga harajin kuɗin shigarsa. Abin ƙi shi ne kafa gidauniya ta bogi, mutum ya sa matarsa da direbansa a matsayin amintattu, kuɗi ya zaga ya dawo aljihunsa. Kuma wakafi ba ya ɗauke zakka, kowanne da matsayinsa.

Masu cewa wannan duk zancen attajirai ne, su tuna bishiyar mangwaro ɗaya a bakin hanya wakafi ce. Malikiyya ta yarda da wakafin littafi, da dabba, har da kuɗin da za a riƙa bayarwa rance ana dawowa da su. Mata ashirin a unguwa za su iya haɗa kuɗi su sayi keken ɗinki biyar su tsare su don koya wa zawarawa sana'a.

Abin da ya fi wuya

Duk waɗannan hujjoji ba su ne ainihin abin da ke hana mu ba. Abin da ke hana mu shi ne nauyin baki. Ba ma son zancen mutuwa da iyayenmu, su ma ba sa son a yi musu.

Daga wurin makarantar nan kai tsaye gidan kawuna na wuce, domin shi ma yana da wata rijiya da aji biyu da yake ɗauke da su shekaru. Bayan mun gaisa na ce, "Kawu, na zo da wata magana, in na yi kuskure a yafe mini. Wurin nan naka na makaranta, da an rubuta shi an danƙa wa wasu tun yanzu."

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Kai ɗan nan, ka gaji da ganina ne?"

Na ce, "Allah ya ƙara maka nisan kwana, Kawu. So nake ka ga abinka yana tafiya da idonka." Na ba shi labarin abin da na baro, kwano a ƙasa, allunan yara an tara su a gefe. Ya san mamacin, sun yi kasuwa tare a Tudun Hatsi. Ya daɗe bai ce komai ba. Daga baya ya tambaye ni ko in an rubuta zai iya ci gaba da zuwa yana duba malamai. Na ce ba mai hana shi dubawa, haya ce dai za ta daina bi ta hannunsa, takarda kuma ta bar sunansa.

Bai amsa mini a ranar ba. Ya ce in bari ya yi shawara da limaminsu, in kuma nemo lauyan da ya san fiƙihu, mu dawo tare bayan sallah. Ya ƙara da cewa in zan zo in taho da babbar 'yarsa da ke aure a Kumo, domin yana son a yi komai a gabanta.